Ruwan Azurfa a Yatsun Mai Takaba

Ina cikin wata na biyu na takaba ƙanwata, autar ɗakinmu, ta sauka Malanville da jaka biyu. Ɗaya ta tufafi ce. Ɗayar kuwa ko mai kabu-kabun da ya kawo ta daga tasha ba ta yarda ya taɓa ba, rungume ta shigo da ita kamar jariri. Tana karatun haɗa sinadarai a jami'a can kudu, ta ce ta zo ta taya ni zama. Ta taya ni ɗin, ba zan ci amanarta ba, amma ba a kwana biyu ba na gane akwai wani abin da ya kawo ta bayan ni. Ɓawon albasa take nema.

In dai ɓawon albasa ne, ta zo gidansa. Marigayi maigidana dillalin albasa ne a babbar kasuwa, ɗan Garou, kuma ɗakin da ke jikin zaurenmu nan yake ajiye buhunan da ba su samu mota ba. Shekara da shekaru iska na kwaso ɓawon nan tana watsa mini a tsakar gida, ina shara ina tsaki. Ƙusar jikin motar kaya ce ta soki maigidan nawa a ƙafa wajen lodi. Ciwon da muka raina ya ruɓe, aka sha ƙwayoyi, aka yi allurai, aka canza wasu, ƙafa na ƙara hawa. Likita ya ce ƙwayoyin cutar da ke cikin ciwon sun saba da maganin, ba sa jin sa. Ban gane maganar ba a lokacin, ban kuma samu sukunin tambaya ba har Allah ya karɓi abinsa.

Abin da ba a gaya wa mace game da takaba shi ne tsawon yini. Kuka yana da lokacinsa, ya zo ya wuce, ya bar ki da hantsi da azahar da la'asar ba abin yi. Ba kwalli, ba turare, ba lalle, ba fita. Awarwaron azurfa da nake sawa tun ina budurwa na cire na ƙulle a tsumma. Yarana biyu in sun tafi lakwal, wato makarantar boko, gidan sai ni da kaji. Ni kuwa tun ina ƙarama ni ce mai buɗe tukunyar da aka ce kada a buɗe, kuma mutuwar miji ba ta raba ni da wannan hali ba, ta dai rufe ni da shi a gida ɗaya.

Ranar da nake jira a mako ita ce Juma'a, don ranar Inna ke zuwa. Inna uwar mijina ce. Takan hau babur daga Garou idan kasuwa ta fara ci, ta zo da 'yar shinkafa ko busasshen kifi, ta zauna gefena a tabarma har la'asar. Uwata ta rasu tun kafin aurena, Inna ce ta yi mini wankan jego duka biyu. Ranar sadakar uku na ji ta da kunnena tana gaya wa mata cewa ɗa ta rasa, ɗiya na nan. Bayan shi, ba abin da nake tsoron rasawa kamar tsohuwar nan.

Auta ta kafa aikinta a inuwar rumfar girki. Ta tsince busasshen ɓawo, ja daban, fari daban, ta wanke, ta shanya a inuwa, ta dafa a wata 'yar tukunyar gilashi. Ba da ruwan rijiyarmu ba, da ruwan batir da ta sayo wajen masu gyaran mota. Na ce wannan kuma wane irin iyayi ne? Sai ta nuna mini. Ta ɗauko wata 'yar kwalba mai duhu, ta ɗiga abin da ke ciki a ruwan rijiya, nan take ya yi fari kamar an zuba nono. Ta ce gishirin da ke cikin ruwan rijiya ne ya kama azurfar ya lalata ta.

Na ce, "Wace azurfa?"

Ta ce, "Wadda ke cikin kwalbag ga, Yaya."

Na karɓi kwalbar na ɗaga ta sama. Ruwa ne, garai-garai. Na ce, "Ke Auta, ni za ki yi ma wayon 'yan lakwal? Azurfa ƙarhe ta. Maƙeri sai ya hura wuta ya yi gumi kahin ta narke."

Ta yi dariya ta karɓe abarta, ta ce in zauna in yi kallo. Ta tsiyayi kaɗan a wani ɗan kofin gilashi, ta ƙara ruwan batir da yawa, sannan ta riƙa ɗiga ruwan ɓawon albasa tana juyawa. Da farko ya yi ɗorawa-ɗorawa. Muna zaune, ba wuta ba komai, ya fara rinewa, ya koma kalar shayi, ya ƙara duhu har ya zama kamar zuma. Auta ta tafa hannu. Ta ce wannan rinewar ita ce shaida: akwai abin da ke cikin ɓawon albasa da ke janyo azurfar daga inda ta ɓuya a ruwa, ya mai da ita 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi, ya kuma lulluɓe kowace ɗaya don kada su dunƙule. Ƙanƙantarsu, in ji ta, ko kashi ɗaya cikin dubu na kaurin gashin kai ba su kai ba. A ɗakin gwajinsu wasu da sinadarai masu guba suke yin wannan aiki, ita kuwa malaminta ya ce ta gwada abin da ake zubarwa a garinsu, ta ga ja ko fari wanne ya fi saurin rina ruwa, ta taho da buhunsa.

Na tambaye ta amfanin wahalar. Ta buɗe wayarta ta nuna mini hoton wani ɗan faranti, cikinsa ya yi hazo-hazo kamar kunun da ya kwana. Ta ce hazon nan ƙwayoyin cuta ne aka shuka, irin masu ruɓar da ciwo. A tsakiyarsu akwai wasu wurare zagaye, fes, ba komai. Nan ne aka ɗiga ruwan azurfar, ƙwayoyin cutar suka ƙi matsowa. Na daɗe ina kallon hoton. Ta lura da inda hankalina ya tafi, ta yi sauri ta ce abin yana faranti tukuna, ba a kai ga sa wa mutum nata ba, da sauran gwaji mai tsawo. Na ce ai ban ce komai ba.

Amma abin ya tsaya mini a rai, kuma ba maganar magani ce ta fi damuna ba, in faɗi gaskiya. Azurfar ce. Ina take kafin a ɗiga albasa? In tana cikin ruwan, me ya sa ba ta kwanta a ƙasa? Duk macen da ta taso a bakin kogin nan ta san abu mai nauyi ƙasa yake nema. Shinkafar Garou in ba ki rairaye ta ba, haƙoran maigida ne za su gaya miki. Ki zuba a ƙwarya, ki juya, ki karkata, tsakuwa da yashi su taru a gindi, ki sa yatsa ki ji su. Na ce a raina ido ne ya kasa, yatsa ba zai kasa ba.

Ranar Laraba Auta ta tafi kasuwa neman wani irin jan ɓawo da aka ce mata na garin Madécali ne. Kafin ta fita ta ce kada in bar yara su kusanci kwalbar mai duhu. Yara ta ce. Ni ba yarinya ba ce. Tana fita na ɗauko 'yar tasa, na tsiyaya ruwan kwalbar yadda yake, ban sirka ba, na juya shi a hankali yadda ake rairaya, na karkata tasar. Ba abin da ya kwanta. Na tsoma yatsun dama na shafa gindin tasar, sumul. Na ce ko hagu ta fi ji, na tsoma su su ma, na murza ruwan tsakanin babban yatsa da sauran. Ban da ɗan zafi-zafi a gefen farce ban ji komai ba. Na wanke hannu, na wanke tasar, na mai da kwalba inda take, ina jin haushin ban gano komai ba. Daga nan na yi wanki na shanya, na zauna a rana ina tsince mata ɓawo.

Wajen la'asar na ga kan yatsuna sun yi toka-toka, na ce ƙurar albasa ce. Da gari ya waye na ɗaga hannu zan yi alwala, sai idona ya sauka kan yatsuna. Yatsu goma, daga farce zuwa gaɓar farko, baƙi ƙirin, iyakarsu a daidaice kamar an ja zare. Ko gwanar ƙunshi da ke unguwarmu ba ta taɓa fitar mini da lalle mai kyan wannan ba.

Auta ta duba hannuna, ta duba kwalbarta, ta dafe kai. Ta yi faɗa kamar ita ce babba. Ta ce abin nan yana ƙuna, da na kai hannu ido fa? Ta ce ruwan ya shiga fata, rana ta taɓa shi, azurfar ta fito ta zauna a ciki.

Na ce, "To ashe tana ciki."

Ta ce, "Yaya, don Allah! Karambanin akuya, gai da kura."

Na tambaye ta abin da ke fitar da shi. Ta ce ba ta da shi a nan, sai dai fatar ta saɓule da kanta, mako biyu ko fiye. A lokacin ne na tuna gobe Juma'a.

Yinin Alhamis kaf a kan yatsun nan ya ƙare. Lemon tsami, toka, sabulun salo, kananzir, dutsen goge kaushi. Na goge har suka yi ja a gefe, baƙin na nan yana ƙyalli. Ina gugar ina mamakin abin: na cire azurfa daga wuyan hannu don takaba, ga ta ta dawo ta shige cikin fata inda ba mai cire ta. Har na fara tunanin ko malamai sun taɓa yin magana a kan irin wannan, sai tsoro ya kori tunanin.

Inna ta yi sallama da hantsi. Na dunƙule hannuwa cikin mayafi muka gaisa, ta tambayi haƙuri, ta tambayi yara. Da na yi wayo da Auta na sa ta kawo ruwa. Amma tun da aka kawo ni gidan nan ba a taɓa yin ranar da Inna ta zo wani ya ba ta ruwa ba ni ba, kuma jikina ya riga hankalina. Na ɗebo a randa, na durƙusa, na miƙa mata kwanon sha da hannu biyu.

Ta kai hannu za ta karɓa, ta tsaya. Ta kalli yatsun, ɗaya bayan ɗaya. Ta karɓi kwanon ta ajiye a ƙasa ba ta kurɓa ba.

Na ce, "Inna, ba abin da kike zato ba na."

Ta ce, "Ni na ce wani abu?"

Na fara bayani, kwalba, albasa, azurfa, rana. Ni kaina da nake faɗa na ji yadda maganar ke fita kamar ta yaron da aka kama da hannu a tukunya. Auta ta fito za ta sa baki, Inna ta ɗaga mata hannu. Ta ajiye ƙullin kifin da ta kawo, ta ce a gai da yara in sun taso, ta gyara lulluɓi ta fita. Ko tabarmar ba ta ɗumama ba.

Da ta zage ni da na fi samun sauƙi. Na yi kuka ranar irin wanda ban yi ba tun sadakar bakwai, kuma cikin kukan akwai haushi. Shekarun nan duka, a ce ba ta san ni ba? Sannan in na kalli hannuna sai in ce, ke ma da ke ce ita, me za ki ce? Ga shi ba ni da ikon fita in bi ta Garou. Zancen duniya kuwa ba ya ɓuya. Kafin kasuwa ta watse, mata biyu da ba su taɓa leƙo ni ba sun zo yi mini gaisuwa, idonsu na kan mayafina. Ɗaya har da cewa Allah ya sa a yi da mu. Ban tambaye ta me za a yi ba, don na san in na buɗe baki takabar ma sai ta ɓaci.

Juma'ar da ta biyo, Inna ta zo, amma a zaure ta tsaya ta ce a turo mata jikokinta. Auta ce ta fita. Ban san abin da ta gaya mata ba, na dai ji ta ce, "Inna, ki shigo ki gani da idonki, in ƙarya ta ki tahi, ba mai tsai da ke." Can sai ga su. Inna ta zauna a kan turmi, nesa da tabarmata, ba ta dube ni ba.

Auta ta jera kayanta ta yi duk abin da ta yi mini. Ruwa ya rine daga ɗorawa zuwa zuma. Inna ta taɓe baki ta ce ɓawon albasa ai dama yana rina ruwa, wannan ba labari ba ne. Auta ta ajiye wani kofin a gefe, ruwan albasa da ruwan batir kawai, ba azurfa, ya tsaya a ɗorawarsa bai motsa ba. Na ga tsohuwa ta ɗan sunkuyo tana duban wannan tana duban wancan. Auta ta nuna mata hoton farantin, ta gaya mata ko mene ne hazon. Inna ta riƙe wayar nesa da fuskarta, ta daɗe.

Ta ce, "Irin waɗanda sunka ci ƙahwatai?"

Auta ta ce, "Irinsu, Inna."

"Da an sa mishi wanga, da ya tashi?"

Auta ta ce ba ta sani ba, kuma ba za ta ce ta sani ba. Inna ta gyaɗa kai ta mai da mata wayar. Sai ta miƙa ɗan ƙaramin yatsanta na hagu.

Ta ce, "Ɗiga min na kwalbar."

Auta ta ce yana ƙuna, ba abin wasa ba ne. Inna ta ce ita da ta shekara saba'in tana taɓa garwashi da hannu? Suka yi ta ja, har Auta ta sirka kaɗan ta ɗiga mata ɗigo ɗaya a kan yatsan, ta ce kada ta kai shi ido ko baki, ta wanke in an jima. Inna ta ɗaga yatsan ta juya shi. Ba komai.

Ta ce, "Ruwa na."

Auta ta ce, "Ki bari rana ta gan shi."

Inna ta tashi ta tafi, hannun hagu a ɗage gefe kamar mai ɗauke da abin da zai zube. Har ta fita ba ta yi mini magana ba. Na ce wa Auta in abin nan ya ƙi kama fatar tsohuwa fa, tunda kin sirka? Ta ce zai kama. Na ce in ta goge shi a zane tun a zaure fa? Ta ce to wannan kuma sai Allah.

Washegari Asabar, ina shara da safe na ji tsayuwar babur a ƙofar gida. Inna ba ta taɓa zuwa kwana biyu a jere ba. Ta shigo ba ƙullin komai a hannunta, ta wuce turmin, ta zauna a tabarmata. Na ɗebo ruwa na durƙusa. Ta karɓa ta sha sosai, ta ajiye. Sannan ta buɗe hannun hagu a kan gwiwarta. A kan ɗan yatsan akwai tabo baƙi kamar ƙwayar wake. Ta kamo hannuna ta ajiye kusa da nata tana gwadawa. Nawa ya fara saɓulewa a gefe-gefe, nata sabo ne.

Ta ce, "Hal da toka na goga. Ya ƙi."

Na ce, "Nima hakanan, Inna."

Na zaci shi ke nan, za ta ce in yafe mata ko ta yi dariya, mu koma yadda muke. Har na fara jin daɗin na yi nasara. Amma ba ta saki hannuna ba, kuma fuskarta ba ta mai neman gafara ba ce. Ta riƙa shafa kan yatsuna da babban yatsanta.

Ta ce, "Na yarda wanga ba lalle ba na. Tun jiya na yarda, tun da yarinyag ga ta ce ba ta sani ba. Mai ƙarya ba ya cewa bai sani ba." Ta numfasa. "Amma kwanan nan da niy yi ina juya miki baya, ba hushi niy yi ba, ɗiyata. Lissahi niy yi. Ke yarinya ta. Takaba ƙarewa takai. Wata rana lallen na za ya zama, na gaskiya, kuma ba ki yi laihi ba. Wani gida za ki, wata tsohuwa za ki ba ruwa."

Na buɗe baki in ce ba zan taɓa ba, ta girgiza kai, ta ce kada in yi rantsuwar da za ta dame ni.

Ta ce, "Abu guda nika roƙo. In ranar ta zo, kak ki bari in ji ga bakin mata cikin kasuwa. Ki aiko Garou. Ni za ni kwaɓa shi, ni za ni ƙunsa miki."